Juma'ar Kawu a Gonar Albasa

Warin albasa a kasuwar Yelwa ya tuno mini da marigayi kawuna, katikis, wato mai koyar da addini a cocinmu na Wara, tun muna jihar Sakkwato. Wata Juma'a muna ɗura albasa a buhu, direban motar da za ta kai ta kasuwa na ta danna hon, sai Kawu ya sallami leburorinsa Musulmi su tafi masallaci.

Na ce, "Kawu, motar za ta tafi fa!"

Ya ce, "Ta tafi. Tun kafin a haife ni Paparoma ya rubuta cewa ma'aikaci na da haƙƙin hutu da ibada. Ni wa ya taɓa hana ni Lahadi?"

Motar kuwa ta tafi. Da leburorin suka dawo, a kwalekwalensu suka kai masa albasar kasuwa ta kogi, ana ta raha.

Allah Ya ba shi hutun da bai hana kowa ba.