Ranar da Na Kai Inna Filin Jirgin Sama

Shekarar da ƙanwata ta haihu a Ikko, ni aka ɗora wa raka Inna wankan jego. Lokacin Yawuri tana cikin Jihar Sakkwato, ni kuma ƙaramin malami ne a ofishin gona na Yelwa, da wando biyu masu kari da Turancin da ya fi ƙarfina. Mijin ƙanwar tawa soja ne. Ya aiko da tikitin jirgin sama biyu, ya ce kada a wahalar da tsohuwa a mota. Sai da muka yini a mota kafin mu isa Sakkwato, inda filin jirgin yake, muka kwana gidan wani ɗan'uwa.

Inna 'yar kasuwar kifi ce. Tun kafin a haife ni take bin jirgin ruwa daga kwatar Yawuri zuwa Wara ranar kasuwa, don haka a wurinta jirgi jirgi ne, ba ta ga abin rawar jiki ba. Ta ɗauro kwando biyu na bandar kifi, da ƙullin yajin jego, da butarta. Ni ma ban taɓa hawa jirgin sama ba, amma na bar mutanen gida suna zaton na saba.

Da hantsi muka isa. Na zaci zan ga gini mai hawa-hawa, sai na tarar da zaure ɗaya mai benci da fanka, da mai shayi a gindin dogon-yaro. Na ce Inna ta zauna in je in yi abin da ake yi. Na ga layi, na shiga, na gyara wuyan riga, tikiti a hannu. Na daɗe a tsaye kafin in gane layin famfo ne, masu jiran cika buta. Da na dawo, Inna ta riga ta bi masu kaya ta gano teburin awo, har ta ɗora kwandunanta a sikeli.

Mai awon ya dubi allura, ya ce, “Hajiya, kayanki sun wuce ƙa'ida. Sai a rage.”

“Wanga ɗan kaya?” in ji Inna. “Jirgin Wara yana ɗaukar shanu huɗu da buhunan shinkafa, mu zauna bisa. Naku ciwo gare shi?”

Ya ce doka ce. Na matso zan yi masa Turanci, Inna ta ture ni da gwiwar hannu. Ta kwance kwando, ƙanshin banda ya cika zauren. Ta zaro tarwaɗa uku ta miƙa wa matar da ke bayanta, ta dubi mai awo: “Ya isa?” Ya girgiza kai. Ta zaro yankin giwan ruwa ta miƙa wa wani ɗan kasuwa. “Yanzu hwa?” Haka ta yi ta bin layi tana rabo, allura tana sauka kaɗan-kaɗan. Wani babban ma'aikacin gwamnati mai kwat da jakar hannu ya ce a'a, ya gode. Ta ajiye masa a kan jaridarsa ta wuce. Ni dai na koma gefe ina karanta wata sanarwa a bango kamar ban san ta ba.

An ce jirgin zai zo kafin azahar. Aka yi azahar bai zo ba. Burodin mai shayi ya ƙare. Lasifika ta yi wani gurnani sau biyu, ba wanda ya gane abin da ta ce. Wajen ƙarfe uku na waiga, sai ga mai kwat ya tuɓe kwat ɗin, ya shimfiɗa jarida a cinya, yana fisgar tarwaɗa da yatsu biyar. Inna ta kwance yajin jego ta zuba masa. Ya yi ta tari da hawaye yana ci. Kafin la'asar Inna ta san garin kowa a bencin da abin da zai kai shi Ikko.

Ɗan kasuwar nan ya ja ni gefe ya ce, “In jirgi ya sauka aka buɗe ƙofa, ka ruga. Ba lamba a kujera, wanda ya riga ya zauna.” Na gaya wa Inna. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, sai dai ta ce kai wanga.

“Kai wanga, ni za ni gudu gaban maza? Ranar da kada ya biyo ni bakin ruwa ma tahiya na yi.”

Jirgin ya sauka, aka buɗe ƙofa. Ban taɓa ganin manyan mutane sun zubar da girma irin na ranar ba. Alhazai sun tattare babbar riga a kafaɗa, takalmi a hannu, huluna na faɗuwa. Ni ma na zura da gudu. Na kai rabin fili na waiwaya, sai ga Inna can baya ita kaɗai, buta a hannu, tana takawa kamar mai zuwa barka. Na tsaya ina haki, na koma na jera da ita. Mu ne na ƙarshe a matakala.

Muna shiga, mai kwat ya ɗaga hannu. Ashe ya tare kujeru biyu, ɗaya da jakarsa, ɗaya da kwat ɗin, har ya yi cacar baki da wani a kansu. “Inna, ga wurinki jikin taga,” ya ce. Ta zauna ba ta ko yi mamaki ba. Ma'aikaciyar jirgi ta zo ɗaura mata bel, Inna ta tambaye ta matuƙin ɗan wane gari ne, kuma ya ci abinci?

Da jirgin ya ɗaga, na runtse ido. Na damƙe hannun Inna, na karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Ita kuwa ta yi bismilla sau ɗaya ta manna goshi a taga.

Can aka sanar cewa muna bisa tafkin Kainji. Garin da aka haifi Inna yana ƙarƙashin ruwan nan tun da aka datse kogi aka tashe su. Kabarin mahaifinta yana can, da tsamiyar ƙofar gidansu. Ta daɗe tana kallo. Na leƙa ta kafaɗarta, na ga ruwan yana ƙyalli, da ɗigo-ɗigon jiragen masunta.

“Ashe ruwan da ya kore mu bai hi zane ɗaya ba,” ta ce. Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta dubi hannunta da nake riƙe da shi. “Sake ni haka nan, ka jiƙa min hannu da zuhwa.”

A Ikko surukin ya tarbe mu da motar soja. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi hanya. Ta ce lafiya lau, sai dai yaron nan ya sha wuya, a nema masa kunu.