Jarumar da Kawu Ya Dawo da Ita Gaba

Jiya a titin Huanshi, nan ƙasar Sin, na ga wani yaro sanye da wandon jins mai hoton jarumar wani littafin zane na yara, sai dariya ta kama ni, hawaye ya biyo baya. Kawuna na tuna, Allah Ya jiƙan sa.

Na taɓa raka shi garin Xintang saro wandunan yara. Shagon na warin rini, kekunan ɗinki na ta ƙara. Aka kawo samfur: jarumi a gaba ya banƙaro ƙirji, jarumar kuwa can baya, 'yar mitsitsiya, ta tallafe gadar da ke shirin ruftawa.

Kawu ya gyara tabarau. "Tambayi laoban, wa ke riƙe da gadar nan?"

Na tambayi mai shagon. Ya nuna ta.

"To shi wannan ƙaton me yake yi? Hoto? A kawo wando mai ita a gaba."

"Meiyo," in ji mutumin, wato babu.

Kawu ya zauna kan dila, ya ciro goro. Sai da ya cinye biyu kafin Basinen ya haƙura. Aka buga ta babba a cinya, jarumin kuwa aka mayar da shi aljihun baya.

"Madalla. Yara su zauna a kansa."

A mota ya ce min, "Shekara talatin gwaggonka ke riƙe da gidana, ni ake ta gaisarwa a kasuwa."

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu. Ita kuma Ya ƙara mata ƙarfi, don har yau gadar na hannunta.