Gaisuwar da Na Fara da Hagu

Wani ƙyalle ne ya jawo maganar nan. Ranar da muke kwashe kaya daga gidan haya na Zongo zuwa gidan da na gina a bayan garin Parakou, uwargida ta zazzage tsohon akwatina, sai ga shi ya faɗo: kore mai bakin rawaya, duk ya koɗe. Ta ce tsumma ne. Na ce ta ajiye min tsummana, fular ɗina ne na 'yan sikawut da muke ɗaurawa a wuya. Na shinshina, hancina ya rantse da sauran warin hayaƙin itace.

A Djougou na tashi, a babban gida na 'yan goro, inda zaure ba ya rabuwa da ƙanshin jiƙaƙƙen ganyen huhu. Mahaifina kullum yana hanya, don haka riƙonmu yana hannun yayansa, Baffa. Mutum ne da in ya yi gyaran murya, ko kajin gidan sai sun natsu. Da ƙyar ya bar ni na shiga sikawut a lakwal, wato makarantar boko, shi ma don ya ji ana koyar da ɗaurin igiya. Ya ce ko ba komai zan iya ɗaure huhun goro.

Da hutun damina, Shef ɗinmu, wato shugaban sikawut, wani siririn malami mai usur a wuya da manya ke kira Mushe kamar kowane malamin lakwal, ya kai mu daji kusa da Pélébina. Tanti yana yoyo, muna gasa sabuwar doya, muna cin rabinta ɗanya saboda gajen haƙuri. A can ya koya mana gaisuwar 'yan sikawut: da hagu ake musabaha, wai shi ne hannun da ya fi kusa da zuciya. Kwana bakwai hagu muke ba juna, har ta zame min jiki.

Ranar Juma'a na dawo, an sauko daga masallaci, zaure cike da baƙi. Na durƙusa. Baffa ya miƙo min hannu, abin da bai taɓa yi ba, ni kuwa na ba shi hagu. Ba sai na gaya maka abin da hagu ke nufi a gidan Bahaushe ba. Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Takalmi ya sa, ya iske Shef a filin lakwal, a gaban yara ya ce, "Mushe, mun ba ka 'ya'ya ka koya musu hankali, sai ka koya musu raina manya." Daga ranar na bar sikawut. Sama da shekara talatin shi da Shef suna gari ɗaya, ko sallama ba ta haɗa su.

Fular ɗin nan ya sa na ɗauki waya na gayyato abokaina uku na wancan tantin zuwa walimar shiga gida, na ce su zo min da Shef. Uwargida ta ce na tara wuta da auduga, domin a danginmu ba a shiga sabon gida sai Baffa ya yi addu'a. Na ce gidana ne, kowa da ya raine ni sai ya taka shi. A raina kuwa na san in Baffa ya fusata ya tashi, gidan ya rasa albarkarsa ke nan. Ga shi shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kashe masa hannun dama. Tun lokacin ya daina musabaha, sai ya ɓoye hagunsa cikin riga ya gyaɗa kai.

Ranar walima Baffa ya iso yana zaune a zaure, an yanka rago, ana ta dakan sakwara, malamai sun gama sauka, sai na ji usur a ƙofar gida. Ga 'yan tantina, kowa da tumbi da furfura, sun ɗaura fular a kan shadda. Muka rungumi juna muna ihu kamar ba iyayen yara ba. Tun a waya na ja musu kunne: da dama kawai za a gaisa.

Shef ya tako da sandarsa har gaban Baffa, ya rusuna, ya miƙa dama kamar yadda ya dace. Daman Baffa na kwance a cinyarsa, ba motsi. Baffa ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya zaro hagunsa daga riga.

"Mushe, kawo wancan hannun," ya ce. "Irin gaisuwarku."

Suka riƙe juna. Sai ya juyo gare ni. "Kai kuma zo ka ƙarasa gaisuwar da ka fara."

Na durƙusa na ba shi hagu, na yi kuka ban ji kunyar kowa ba. Hannu ɗaya ya ɗaga ya yi wa gidan addu'a.

Yaran yanzu ba su cika durƙusawa ba, daga nesa suke ɗaga maka waya. Har yau in ɗana ya miƙo min abu da hagu sai na harare shi, don ni ma goyon wancan zauren ne. Amma duk ranar da na je Djougou, hagu nake ba Baffa, kuma ba ya saurin saki.