Goron da Na Cafe da Hagu

Shekarar da sojoji suka koma bariki na fara buga tanis, a wani fili da ke bayan ofishinmu a Ikeja. Taubashina ne ya ja ni, haifaffen Agege, mutumin da ko ruwa ya miƙo mini sai na leƙa kofin. Kowace Asabar sai ya lallasa ni, ya bi unguwa yana ba da labari da Hausa da Yarabanci. Wannan duk na jure. Abin da ya gagare ni gwiwar hannuna ce ta dama, wadda ta kai ko buta ba na iya ɗagawa. Likita ya ce ko in sake raket, ko in haƙura da wasan. Ni kuwa duk faɗin Legas ba abin da nake ɗoki kamar safiyar Asabar.

Taubashin nan ya tura ni wurin wani dattijo ɗan Nijar mai gwanjon kayan wasa kusa da layin dogo. Tun daga nan na sha jinin jikina, don ruwa ba ya tsami banza.

Na tarar da dattijon yana ɗaure wa wani raket zare. Bayan mun gaisa na nuna masa wani mai nauyi, mai kaurin mariƙi, irin na taubashina. Ko kallonsa bai yi ba.

"Alhaji, yaya wasan naka yake? Kana rugawa bakin raga ne, ko kana jira a baya?"

Na ce a raina, ga ɗan rahoto. Na ce masa, "Duk yadda ta zo."

Ya sa hannu a aljihu, sai kawai ya wurgo mini goro. Na cafe.

"Wala," in ji shi da Faransancinsu na Nijar, wato ka gani. "Dubi hannun da ya kama."

Goron yana hannuna na hagu. Kunya ta rufe ni. Bahago aka haife ni, kakata ta yi ta ƙwala wa hannun nan muciya har na koyi ci da rubutu da dama, kuma shekara arba'in ban gaya wa kowa ba. A Legas, ɗan dangi ne kaɗai zai iya sanin wannan labari.

"Shi ya gaya maka?"

"Wa ke nan, Alhaji?"

Ya zaro wani raket mara nauyi, mai faɗin fuska da siririn mariƙi. Ya ce hagun nawa ya daɗe yana barci, kada in ɗora masa kaya, in tsaya a baya in riƙa mayar da ƙwallo a hankali. Ni kuwa abin da nake hangowa shi ne taubashina ya tara 'yan unguwa suna kallon magidanci yana wasa da hannun tsarki. Na dai saya, don kada a ce na tsorata, amma goron ban ci ba.

Ran Asabar na fara da dama, saboda taurin kai. Ba a jima ba gwiwar ta soke ni. Na waiga, babu 'yan kallo, sai maigadi da rediyonsa. Na mayar da raket hagu. Bugun farko ƙwallo ta tafi daidai inda na nufa, abin da ban taɓa gani ba.

Taubashina ya tsaya cak, ya bar ta ta wuce. Na jira dariyar.

"Kai bahago ne?" ya ce. "Tun yaushe?"

Na ƙura masa ido ina neman ƙarya a fuskarsa, ban samu ba. Ranar ma shi ya ci, amma na koma gida gwiwata lafiya lau.

Da na zo alwalar azahar na daɗe ina duban hannun nan. Tabon muciyar yana nan a bayan yatsu. Kowa na zarga a wannan mako, amma wanda aka zalunta yana jikina, kuma ni na fi kowa daɗewa ina tauye shi. Tausayinsa ya kama ni sosai. Na lalubo goron daga aljihu, ya riga ya bushe, na ci shi haka nan.