Riƙe Min Injina

Shekara ashirin da shida Gwaggo Ƙoshiya ta yi a masaƙar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, a layi na huɗu, inda ƙarar injuna ta cinye mata kunnen hagu. A can ta samo sunan, don ba ta iya tsayawa wuri ɗaya, kamar ƙoshiyar saƙa. Gajeruwa ce, ga faɗa, kuma magana ba ta kwana a cikinta. Da wannan aikin ta karantar da 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta.

A layinsu akwai wata ɗabi'a da ba a rubuta a ko'ina ba. Injin saƙa ba a barinsa shi kaɗai, zare ɗaya ya tsinke yadi ya lalace. To ran Juma'a, mai tafiya masallaci sai ya taɓa kafaɗar na kusa da shi ya ce, "Riƙe min injina." Ran Lahadi a rama. Maƙwabciyar injin Gwaggo ita ce Mai Waƙa, shugabar mawaƙan coci, doguwa mai sanyin hali. Kullum suna cikin tsiya, amma ba a taɓa samun yadin ɗayarsu da aibu ba.

Sai yadin ƙetare ya cika kasuwa, mai arha, wanki biyu ya koɗe. Masu masaƙa suka rufe ta, suka ce za su kwance injunan su kai wata ƙasa inda lebura ya fi sauƙi. Ma'aikata suka kai ƙara, suna neman a bar musu su gudanar da ita da kansu. Kotu ta sa rana, sati uku. Lauyansu bai ɓoye musu ba: in injunan suka fita kafin ranar, sai dai a yi shari'a a kan bango.

Liman da Fasto suka kira taro a wani ajin firamare. Aka yi awa biyu ana bayani a kan kasuwar duniya da haƙƙin talaka, bayani mai kyau kuwa. Gwaggo ta miƙe daga kan bencin yara.

"Allah ya gafarta Malam, Baba Fasto, mun ji mun gode. Amma wa zai zauna a bakin ƙofa?"

Ita ta raba zaman, gida gida, har ƙafarta ta kumbura.

Manajan kamfani kuwa shekararsa tara a ofishin bene, bai taɓa saukowa layi ba. Ya lura yawancin masu gadin ƙofar masallata ne, sai ya turo manyan motoci shida ran Juma'a, daidai kiran salla. Mazan suka tsaya cirko-cirko, ga salla ga motoci.

"Ku tafi sallarku," Gwaggo ta ce. Ta juya ta taɓa kafaɗar Mai Waƙa. "Yaya, riƙe min injina."

"Ke da baki! Yaushe na taɓa sakin miki shi?"

Mai Waƙa ta ɗaga hannu. Daga lungu sai ga matan coci da mazansu ɗauke da bencina, suka jera su a bakin ƙofa suka zauna. Direbobi suka yi ta hon har suka gaji. Ran Lahadi da safe motocin suka dawo, suka tarar da Liman a kan tabarma, jama'arsa a bayansa. Ko ƙusa ɗaya ba ta fita daga masaƙar ba.

Kotu ta ba su gaskiya, amma ba duka aka samu ba. Cikin layi tara, uku kaɗai suka iya tayarwa, kuma har yau da ƙyar ake sha. Ranar da layi na huɗu ya tashi, Gwaggo ta ɗora tafinta a jikin injin, ta yi kuka sosai don murna, ta kuma zagi duk wanda ya kalle ta.

Manajan ya taɓa tare ta a hanya, ya tambaye ta wa ya tsegunta musu shirinsa.

"Babu kowa, ranka ya daɗe," ta ce. "Shekara ashirin da shida muna yin haka a ƙarƙashin ofishinka."