Sunan da Kawu Bai Taɓa Faɗa Ba

Ko ladanin unguwarmu bai gyara murya ba muka bar gida, ni da maƙwabcina, wanda shekara uku muna cewa za mu je Umara tare, sai bana Allah ya yi. Bayan ƙaramar Sallah ne da 'yan kwanaki, Kano ana zafin nan na bazara da mutum zai fito daga wanka yana gumi. A filin jirgi muka yi asuba. Jakata rabi tufafi, rabi saƙon Hajiyarmu ga ƙaninta: kuka, daddawa, yajin ƙuli da busasshiyar kuɓewa, an ƙulle su leda cikin leda kamar za su gudu. Ƙanin nata, Kawu, ya tafi aikin Hajji yana saurayi ya zauna. Ya yi ɗinki a unguwar Misfala ta Makka shekara arba'in da ɗoriya, a can ya yi aure, a can ya haifi 'ya'yansa.

A cikin jirgi abokin tafiyata ya sha fama da harami. Ya ɗaure nan, can ya kwance, har wani dattijo ya tausaya masa ya ara masa bel. Da muka sauka Jidda, babban ɗan Kawu, Harun, shi ya zo ɗaukarmu. Taubashina ne, na girme shi da kusan shekara ashirin, don haka tun a bakin ƙofa na fara tsokanarsa cewa Hausarsa ta rame. Ya yi dariya ya ce, "Yalla Yaya, shiga sayyara, Hausa tana gida wajen Abuya," wato in shiga mota, Hausa tana wajen babansa. Hanyar Makka a shimfiɗe take, hagu da dama baƙaƙen duwatsu ba ko ciyawa. Abokin tafiyata ya yi ta baza ido yana neman rami ko ɗaya don ya samu abin faɗa in mun koma, bai samu ba.

Ba zan iya ba ku labarin ganin Ka'aba yadda ya kamata ba. Na shirya addu'o'i tun daga gida, har da na mutanen da suka ba ni saƙo, amma da na ɗaga kai sai duk suka ɓace, na tsaya ina kuka kamar yaro. Muka yi ɗawafi, muka yi Safa da Marwa, muka je aski. Nan ne abokin tafiyata ya fara ciwon da bai warke ba har muka dawo: duk abin da aka ce riyal kaza, sai ya juya shi zuwa naira ya dafe ƙirji. Da wanzami ya gama, cewa ya yi da ya sani da ya taho da rezarsa.

Misfala tana kudu da Harami, da ƙafa ake zuwa. Lunguna ne matsattsu, masaukai, shagunan dabino da carbi da turare, kuma ba ka taku goma ba ka ji Hausa ba, wani da harshen Kano, wani Sakkwatanci, wani na Damagaram, duk an yayyafa musu Larabci. Da safe tamis ake ci, wata faffaɗar gurasa mai zafi da ake saye riyal ɗaya ko biyu, a haɗa da ful, wato wake da aka dafa ya narke aka zuba masa mai. Kawu na same shi ya tsufa fiye da hotunansa. Ciwon suga ya taɓa masa ido, ya bar ɗinki, amma keken yana nan a kusurwar ɗaki an rufe shi da zane. Ya buɗe ledar daddawa ya shinshina.

Abin da ban zata ba shi ne in tarar da gidan ana rigimar ƙwallon Amurka. Ba irin namu ba, wancan da ake runguma da hannu a ruga, mai siffar gwanda, 'yan wasan sanye da hular kwano. Harun ne ya kwaso son abin lokacin da ya yi karatu a can, ya dawo ya shafa wa ƙaninsa Yasir. Mun kuma zo a makon da suke kira daraf. Yadda suka yi min bayani, duk shekara ana jera matasan da suka yi fice a jami'o'i, ƙungiyoyi su riƙa ɗauka bi da bi, kuma wadda ta fi shan kashi bara ita ke fara zaɓe. Ƙungiyar su Harun ta sha kashi har ta gode Allah, don haka ita ce ta uku a layi. Abokin tafiyata ya ce wannan wasa akwai tausayi a cikinsa, ko da yake har yanzu bai yarda a kira shi ƙwallo ba.

Kullum bayan la'asar sai an zauna a falo. Yasir ya dage sai an ɗauko sabon mai jifa, wato wanda ke karɓar ƙwallo ya wurga wa na gaba, akwai wani yaro da ya ce hannunsa ba na mutane ba ne. Harun ya ce mai jifan da suke da shi ba shi da laifi, masu tare masa ne ragwaye, kafin ya ɗaga hannu an kai shi ƙasa. Shi wani ƙato yake so a ɗauka, wanda zai tsaya a gefen hagu ya hana a murƙushe musu mutum. Su fara da Hausa don mu, in abin ya yi zafi su zarce Larabci, sai "ya akhi" da "wallahi" kake tsinta. Duk wannan ana yi Kawu na zaune a kujerarsa ta bakin taga da carbi, ba ya cewa uffan.

Na lura da wani abu tun kwana na biyu. Kawu yakan kira Yasir da sunansa, ya tsokane shi, ya ja masa kunne. Harun kuwa sai dai "a gaya wa wancan", ko in ta kama dole, "Babba". Ni ban ga komai a ciki ba, kunyar ɗan fari ce, mun taso mun tarar. To amma a Makka da sunan ɗan fari ake kiran uba. Duk lungun "Abu Harun" suke ce wa Kawu, shi kuma ya amsa kansa a sunkuye.

Ranar Laraba Harun ya ɗauke mu a mota ya zaga da mu. Muka bi ta Shisha, unguwar benaye da kasuwanni inda yake haya da iyalinsa, muka wuce Mina. Fararen tantuna iya ganinka, ba kowa, shiru kamar an yi shara. Ya nuna mana inda ya taɓa aikin jagorar alhazai yana ɗalibi. Da abokin tafiyata ya sauka ɗaukar hoto, sai Harun ya kashe mota ya ce min an ba shi aiki a Amurka, kuma ran Lahadi ne ƙarshen ba da amsa. Na tambaye shi me Kawu ya ce.

"Ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ya ci gaba da jan carbi. Khalas, shi ke nan. Yaya, shekarata talatin da huɗu, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In na tafi, Yasir yana nan. Shi yake so."

Na yi masa bayanin kunya iya iyawata, na ce a wajenmu wanda aka fi ji da shi ne ake kauda kai daga gare shi. Ya ce mahaifiyarsa ta sha faɗa masa haka, amma shi a nan aka haife shi, ya ga yadda iyayen abokansa ke rungumar 'ya'yansu a bakin makaranta. Ya ce ko zaman da Kawu ke yi a falo in suna hirar ƙwallo, ya san zaman takaici ne, na ganin ɗansa ya girma yana ɓata lokaci a kan wasan Turawa. Tausayinsa ya kama ni, na Kawu ma ya kama ni, domin na ga mutum zai tsallaka teku da ciwon da babu wanda ya yi niyyar ji masa.

Washegari da hantsi, yaran sun tafi aiki, Kawu ya ce, "Ɗan Yaya, zo ka duba min nan, idon ya ƙi." Ya ɗage zanen keken ɗinki ya jawo aljihun, ya fito da wani littafi irin na awon kaya. Na ɗauka awon riguna ne. Ajami ne, da hannunsa, shafi bayan shafi: shekarar kaza Harun ya ce a ɗauki mai tsaron baya, ba su ɗauka ba, suka yi nadama, ya ce yaron nan gwiwarsa ba za ta kai shi ba, haka aka yi. Shekara shida yana rubuta abin da Harun ke faɗa a falo. Na ɗago na dube shi. Ya ce, "Yana da kai. Tun yana ƙarami in ya faɗi abu sai ka ga ya tabbata." Na ce, Kawu, ka taɓa gaya masa? Ya ce, "Haba, ɗan Yaya," ya karɓe littafinsa. Na so in yi maganar Lahadi, na ga idonsa ya kawo ruwa, na bari.

Shi daraf ɗin, lokacin da ake yinsa a can mu nan ana barci. Don haka suna da doka: a naɗe shi, kowa ya kashe waya, a kalla tare bayan asubar Juma'a, wanda ya leƙa sakamako ya ci amana. Muka dawo daga Harami gari na wayewa, aka shimfiɗa leda, ga tamis, ga ful, ga shayi da na'ana'a. Kafin a kunna, gardama ta tashi sabuwa. Yasir ya ce ai Harun ba shi da tsayayyar magana, bara shi ne ya fi kowa ihun a kori mai jifan nan. Harun ya rantse bai faɗa ba. Yasir ya rantse ya faɗa.

"Bai faɗa ba."

Kawu ne. Ya tashi a hankali yana dafa bango, ya je wajen keken ya dawo da littafin, ya miƙo min ya ce in karanta na bara. Na karanta: a bar yaron, a nemo masa masu tare masa. Kawu ya ce in koma baya. Na karanta na bara waccan, da na gabanta. Harun yana zaune da gutsuren tamis a hannu, yana jin maganganunsa da shi kansa ya manta. Kawu ya dubi Yasir, ba Harun ba, ya ce, "Ƙaton nan na hagu shi ya kamata su ɗauka. Wanku ya fi ku gani."

Harun ya miƙo hannu na ba shi littafin. Hausar ajami ba ta karantuwa gare shi, ya yi ta juya shafuka kawai. Sai na ga ya tsaya, ya koma farko, ya sake bi ɗaya bayan ɗaya. A saman kowane shafi akwai kalma ɗaya da ba ya bukatar kowa ya karanta masa, domin da baƙaƙen Larabci sunansa iri ɗaya ne ko a wane harshe. Ya rufe fuskarsa da littafin, kafaɗunsa suna rawa. Kawu ya juya yana kallon taga, carbin ya tsaya a hannunsa. Abokin tafiyata, mai bakin da ba ya hutawa, ranar ya tashi ya ce zai ƙaro ruwan zafi.

Daga baya dai aka kunna. Aka zo kan ƙungiyarsu, wani mai kwat ya fito ya karanta suna: ba mai jifa ba, ba ƙaton hagu ba, wani siririn mai gudu suka ɗauka wanda babu wanda ya ambace shi duk makon. Yasir ya jefar da hula, Harun ya yi salati, Kawu ya ce, "Sun yi asara." Muka yi dariya har da hawaye. Harun ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar mahaifinsa, ya tambaye shi da Hausarsa mai ɗingishi wa yake gani za su ɗauka a zagaye na biyu. Kawu ya amsa masa, shi da kansa, suka yi ta yi har aka fara shirin masallaci.

Ran Asabar muka yi ɗawafin bankwana, Harun ya mai da mu Jidda. Sai da muka sauke jaka ya ce ya rubuta wa masu aikin na Amurka ba zai zo ba. Ya ce, "Ban ce har abada ba, Yaya. Amma idonsa yana tafiya. Wani zai riƙa rubuta masa."

Mun sauka Kano an yi yayyafin farko, ƙasa tana ƙamshi. Tafiyar ta koya min cewa kunya ado ce a inda kowa ya san ma'anarta, amma yaro ba ya jin abin da aka ɓoye a aljihun keke. Wanda ya zo ɗaukata a filin jirgi babban ɗana ne, shekararsa ashirin da shida, kuma ni ma ban taɓa kiran sunansa ba. Ya karɓi jakata ya buɗe min ƙofar baya kamar kullum. Na rufe ta na zagaya na zauna a gaba kusa da shi. Sunan ya zo min har baki, bai fita ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na iya shi ne na dafa kafaɗarsa na ce, "Na yi kewarka." Ya daɗe riƙe da makulli bai tada motar ba.