Baba Hassumi, Wa Zai Hura Wa Jirgin Kafr Wuta?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga Maris 1987, da hantsi, Ma'azu maƙwabcina ya buga mini ƙofa a unguwar Faisal ya ce, "Malam Sada, Baba Hassumi ya cika." Na tambaye shi wane Hassumi, alhali Hassumi ɗaya gare mu a duk Alƙahira. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa.

Baba, waɗanda ba su san ka ba ya kamata su ji. Ka baro Tasawa kana saurayi, ka nufi Makka a ƙafa. Hanya ta tsayar da kai a Sudan, can ka koyi zuba wa jirgin ƙasa kwal, sannan ka gangaro Masar ka kama aiki a wani ɗan dogo mai ɗaukar rake da mutane daga wani ƙaramin gari a kudu da Giza, wanda mu dai Kafr muke ce masa. Makka kuwa sai da furfura ta fito sannan Allah ya kira ka.

Na iso karatu a 1974, cikin sanyin da ban taɓa jin irinsa ba, daga ni sai rigar shadda. Ka gan ni ina karkarwa a ƙofar masallaci, ka tuɓe tsohon kwat ɗinka na aiki ka yafa mini, ba ka ko tambayi sunan ubana ba. Da na ce yana warin hayaƙi sai ka yi dariya ka ce, "Ku 'yan Najeriya, kwal na ƙasarku amma ba ku san ƙamshinsa ba." Ɗalibi nawa ne suka ci tuwon Inna Zeinabu, matarka, ranar da tallafin karatu ya makara? Allah kaɗai ya san adadinsu.

Amma kowa ya ci tuwon nan ya san akwai Juma'ar da za a tasa shi gaba zuwa Kafr. Lokacin da aka rufe dogon aka tuge ƙarafansa, kai da abokan aikinka kuka zauna gaban kan jirgi na ƙarshe kuka ƙi tashi, har hukumar garin ta bar muku shi da rumfarsa. Kuka tattaro fitilu da ƙararrawar tasha da shebur da hulunan waɗanda suka riga mu, kuka mai da rumfar gidan tarihi. Sharaɗi ɗaya aka gindaya muku: muddin jirgin na iya ɗaukar wuta, abin tarihi ne, ranar da ya huce, tsohon ƙarfe ne, a sayar. Da wannan sharaɗi ka kwana ka tashi fiye da shekara ashirin. Inna ta ce ko man girkinta bai tsira ba, in ta juya baya sai ka tsiyaya ka kai wa jirgi.

Kuna da al'adarku ta ma'aikatan dogo. In ɗayanku ya mutu, sai a hura wa jirgi wuta ya yi masa kuka, gari ya ji. Na ga haka da idona ranar da Am Girgis, tsohon direban jirginku, ya rasu. Tun asuba kake lallaɓa wutar, kaɗan kaɗan, kamar mai ba jinjiri kunu. Da aka fito da akwatinsa za a wuce coci, ka ja igiyar kukan jirgin. Kukan nan ya tsayar da kasuwa cak, masu jaki suka sauko, kai kuwa hawaye na wanke maka baƙin kwal a fuska. Wani ɗalibi cikinmu ya ce ai wannan bidi'a ce. Ba ka yi fushi ba. Ka ce, "Ɗana, ban ce ibada ba ce. Sallama ce tsakanin abokan aiki." Haka ka yi ta sallamar su ɗaya bayan ɗaya har ka rage kai kaɗai.

A nan ne muka sha sa-in-sa da kai, kuma ko yau ban janye ba. Samarin Kafr duk sun tafi neman aiki ƙasashen mai, sai ka koma koya wa ɗalibai. Haba Baba! Ɗalibi ai baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. Ka koya wa Iliya, ya karɓi shahadar karatunsa ya koma Kano. Ka koya wa Issa har ya ƙware, yanzu yana Yamai yana koyar da Larabci. Ni kam tun ranar farko ka kore ni daga gaban wuta, ka ce ina da gaggawa, in tsaya ga goge fitilu. Duk sa'ad da na ce maka kana shuka a gonar aro, sai ka ce, "Ma'alish, ba komai, wani zai zauna." Babu wanda ya zauna, Baba.

Ranar uku muka ɗunguma zuwa Kafr, mun ƙudurta ko ta yaya sai jirgin ya yi maka kuka. Ma'azu har ya ɗauki shebur. 'Yarka Azara ta tare ƙofa ta ce, "Wallahi ba mai taɓa shi. Tukunyar tururi ce, in ta fashe ku nawa za mu binne?" Gaskiya ta faɗa, amma ta yi mana ɗaci. Sai muka yi abin da muka iya, muka shimfiɗa tabarmi a gindin ƙafafun jirgin muka sauke maka Alƙur'ani. Ba mu kai ga shafa fatiha ba sai ga masu sayen tsohon ƙarfe mutum biyu da igiyar awo suna zagaya jirgin, suna ƙwanƙwasa cikinsa kamar masu taya sa a kara. Na miƙe raina a ɓace, da ƙyar aka riƙe ni. Hukuma ta ba mu zuwa bayan ƙaramar Sallah mu samo mai hura masa wuta, in ba haka ba a sayar. Mun aika wa Issa saƙon baki ta hannun wani ɗan kasuwa, amma mutum ne mai aiki da iyali, kuma har yau shiru.

Da za mu taho, wata tsohuwa mai sayar da ganye a bakin rumfar ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Ɗana, wai ana ta cewa Hassumi ya mutu. Ƙarya ne ko? Ni ban ji jirgi ya yi kuka ba." Azara ce ta gaya mata.

Ya Allah, ga bawanka Hassumi ya zo maka. Ya tsufa yana fuskantar wuta don neman halal, ka haramta wa wutar lahira jikinsa. Ka yalwata kabarinsa, ka yafe masa kurakuransa, ka saka masa da Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Zeinabu da Azara da danginsa na Tasawa, da duk ɗalibin da ya taɓa cin abinci a gidansa, da mutanen Kafr waɗanda har yanzu wasunsu ke kasa kunne. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, Baba. Ka sallami kowa, kai ka tafi shiru. Allah ya sa mala'ikun rahama ne suka tarbe ka, amin.

Sada Ɗantsoho,
Faisal, Alƙahira.